Ranar Da Girijamma Ta Ce In Kwanta Kamar Gawa

Masu bibiyar labarina, ku yi mini afuwar shirun da na yi. Wanda ya turo saƙo yana tambayar ko tsohon ya cika ne, ya kwantar da hankalinsa. An taɓa gwada ni sau ɗaya, mutuwar ce ta ji kunya ta juya. Gajiya ce kawai ta kama ni, irin wadda ke shiga ƙashi ta nemi wuri ta zauna.

Sababbin zuwa, ni ne Ningappa na bayan kasuwar Devaraja, nan garin Maisur. Ban taɓa ɗora ɗuwawuna a bencin makaranta ba. Wannan ma da kuke karantawa faɗa nake yi, waya na rubutawa. Na yi dakon ayaba tun ban kai tsawon kwandon ba, na yi kokawa a jar ƙasa har aka rasa mai shigo mini, kuma sama da shekara hamsin ke nan rana ba ta riga ni hawa tabarmar yoga ba. Matata Puttamma ta rasu, an kwana biyu. Ɗana ɗaya, Dayanand, yana Bangalor da matarsa Netra. Sai ga ni, da furfura har cikin kunne, na faɗa son wata malamar yoga, Girijamma, wadda ita ma mijinta ya rasu. Na gaya muku, na gaya mata, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ɗana ne kawai ban gaya wa ba.

To ga abin da ya same ni a makon nan.

Yogar da nake yi ita ce ashtanga, ta masu jini a jika. Tsalle, gumi, numfashi kamar zugazugin maƙeri. A gidan da nake zuwa ba a yi wa kowa ƙidaya. Kowa ya shimfiɗa tabarmarsa ya kama jerin da ya haddace, mataki bayan mataki, malam na zagayawa. Doka ɗaya ce: inda ka kasa, nan ne iyakarka. Malam ya ce maka ya isa, sai ka yi na rufewa ka naɗe tabarma ka kama hanyar gida, ko shekara za ka yi a wurin, har sai ya ba ka na gaba. Ni rabon da a tsayar da ni tun gashin bakina yana baƙi.

Ranar Talata ina kan matakin da ake naɗe ƙafa ɗaya a bisa cinya a sunkuya, sai gwiwar hagu ta yi wata ƙara kamar an taka busasshen ɓawon kwakwa. Ta daɗe tana yi mini tsegumi a ɓoye, ina ɗaure ta da tsohon zanen Puttamma in ce ta yi shiru. Ranar ta tona ni. Na cije na ci gaba. Sai na ga ƙafafun malam a gaban tabarmata.

Malamin nan, Shrikanta, ɗan malamina ne na asali. A wuyana na riƙa goya shi yana kallon giwayen bikin Dasara, ya sha jiƙa mini wuya kuma ba da hawaye ba. Shi ne ya durƙusa ya ce a hankali, "Kaka, ya isa nan."

Na ce masa bai ga daidai ba, tabarmar ce ta zame. Ya ce to gobe ma in ta zame, nan zan tsaya. A gefena wata baturiya da ba ta kai nauyin nonon ayaba biyu ba ta saƙala ƙafa a bayan wuya tana numfashinta, ko kallona ba ta yi ba. Da ma ta kalle ni, da ya fi mini sauƙi.

Na naɗe tabarma na fito. Kamar kullum ban yi kwanciyar ƙarshe ba, wadda kowace yoga ke rufewa da ita, a miƙe rigingine a saki jiki, wadda ake kira kwanciyar gawa. Duk gidan sun san ba na yin ta, sun kuma san dalili, don na ba da labarin ya fi a ƙirga. Ina saurayi motar haya ta faɗa da mu cikin babbar magudanar ruwan gonakin rake ta wajen garin Mandya. Aka tsamo mu aka jera a wata baranda aka lulluɓe. Kun san yadda muke yi wa mamaci, a haɗa manyan yatsun ƙafa biyu a ɗaure da zare. Mai ɗaurin yana kan nawa na tashi zaune na ce a ba ni kofi. Har yau ban ji labarin ya daina gudu ba. Don haka nakan ce ni na yi kwanciyar gawa ta gaske, ta wasa kuma na bar wa yara.

Ban kai gida ba waya ta yi ƙara. Shrikanta bai ɓata lokaci ba, har ya kira ɗana.

Na shiga, na jingina da bango a jan daɓen tsakar ɗaki, inda sanyi yake. Gidan yana nan yadda Puttamma ta bar shi: hotonta da busasshen fure a wuyansa, matacin kofi na tagulla da ban taɓa iya goge shi kamar yadda take yi ba, manyan kulake biyu na motsa jiki a kusurwa suna shan ƙura. Na danna saƙon. Muryar surukata Netra ce, mai zaƙi kamar an zuba wa magani sukari. Mava take ce mini, wato suruki.

"Mava, sannu da jiki. Mun ji abin da ya faru. Ranar Asabar da yamma za mu zo mu ɗauke ka, mun riga mun gyara maka ɗakin da ke kusa da banɗaki. Ba hawan bene, na'ura ce ke kai mutum sama. Kuma kar ka damu da yoga, a lambun gidan akwai ta dariya, duk tsofaffi ne irinka."

Bayanta sai ta Dayanand, gajera, shi da ke ce mini Appa, wato baba. "Appa, ka haɗa kayanka. Ba zan bar ka kai kaɗai a gidan nan da gwiwa ɗaya ba. Da akwai mai kula da kai a nan, da ban matsa ba."

Na sake sauraron jimlar ƙarshen nan, na kuma sakewa.

Yogar dariya. Jama'a, ni? Na san su, muna da su a bakin tafkin Kukkarahalli. Tsofaffin ma'aikatan gidan waya da na banki, da fararen takalman roba, su yi da'ira su ɗaga hannu sama suna ha-ha-ha ba tare da wani ya faɗi abin dariya ba. Ba na raina ta. Ta dace da wanda a gidansa ba a ba shi dariya, kuma suna da yawa. Amma ni mutumin da ya ɗaga ƙaton ɗan kokawa Basava Mai Wuyan Sa ya buga da ƙasa a gaban garin nan?

Bari in gaya muku yadda na raba su, ni da ban yi boko ba amma na ga jikin mutane iri-iri. Hatha ita ce uwa, a hankali take tafiya, ka yi mataki ka huta. Mai farawa, mai tumbi, mai ciwon baya saboda zaman kujera, duk ta ishe su, ba kuma za ta karya kowa ba. Akwai ta numfashi zalla, a zauna a toshe hanci ɗaya a buɗe ɗaya; wannan ta masu saurin fushi ce da masu ƙirji mai kuka, kuma da surukata za ta yi ta, da bakinta ya samu hutu. Akwai wata da baƙi suka dawo mana da ita, a rufe tagogi a kunna abin ɗumama ɗaki a yi ta gumi. Wannan ta dace da wanda bai taɓa ɗaukar kaya a ka da tsakar rana ba, yana son ya ji yadda ake ji. Ashtanga kuwa ta matashin da jikinsa ya fi ƙarfinsa ce, wanda in ba a gajiyar da shi da asuba ba zai nemi faɗa da hantsi. Ni ta hana ni zama ɗan daba, wannan gaskiya ce.

Sai ta Girijamma. Can garin Pune ta koyo ta. Igiyoyi a bango, kujerun ƙarfe, guntayen katako, ɗamara, barguna, da tumtum masu tsawo. Ba a tsalle. A sa ka a mataki ɗaya a tokare ka ta ko'ina, ka zauna a ciki har ka san sunan kowane ƙashi naka. Masu jinya ke zuwa, da mata masu ciki, da waɗanda aka yi wa aiki. Na sha kiranta yogar asibiti, har a gabanta.

Washegari da la'asar na sa farin zanena mai bakin zare, na ɗora tawul a kafaɗa, na tsaya wajen mai fure na sayi zaren furen yasmin guda kamar yadda na saba. Na san ba za ta sa ba. Macen da mijinta ya rasu ba ta sa fure a kai, kowa ya sani. Kullum takan karɓa ta rataye a ƙugiyar igiyar bango, ya bushe a can. Amma ni ba na zuwa wajen mace hannu sake.

Ajinta a saman bene yake, bisa shagon mai niƙan kofi. Matakalar nan da nake haye ta bibbiyu, ranar sai da na tsaya a tsakiya kamar ina duba waya. Na same ta tana ninke barguna. Sarin auduga ne a jikinta, dogon zanen nan da matanmu ke naɗawa, ruwan toka da baki shuɗi, ta soke gefensa a ƙugu, gashinta fari da baƙi a dunƙule a ƙeya, tabarau na rataye a ƙirji. Ba ta ɗago ba.

"Na ji ka tun daga ƙasa," ta ce. "Ƙafa ɗaya na tafiya, ɗaya na roƙo."

Na ce mata matakalarta ce ba daidai ba, kafintan mashayi ne. Ta karɓi furen ta rataye, ta turo mini kujera da ƙafa. Na zauna na zayyana mata komai: Shrikanta, saƙon Netra, ɗakin kusa da banɗaki. Na kunna mata muryar Dayanand, na ƙara ƙarfi a daidai jimlar ƙarshe. Sannan na ce, to ga shi ta ji, in da mai kula da ni ba za a tafi da ni ba, kuma ita ta san abin da na daɗe ina tambaya.

Ta daɗe tana lallashin bargo ɗaya da tafin hannu. Sannan ta ce ta yi jinyar namiji ɗaya da ya ɓoye ciwo har ciwon ya gama da shi, yana ce mata lafiyarsa ƙalau yana riƙe da bango. Ta ce ƙarfinta na jinyar ciwo bai ƙare ba, amma na jinyar taurin kai ya ƙare tuni. Ga ƙannen mijinta, ga matan layi, ga ɗanta da ke ƙasar waje. In za ta ɗauki surutun duniya a wannan shekarun, ba za ta ɗauka don mutumin da ba ya iya kwanciya ba.

Na ce yogata ta riƙe ni shekara hamsin.

"Ta dace da Ningappan da ke dakon ayaba," ta ce. "Shi yana ina yanzu? In ka gan shi ka gaishe shi. Wanda ke kan kujerata gwiwarsa ta kumbura kamar gwanda."

Na sunkuya na dubi gwiwar. Ba kowa ke sa ni shiru ba, ku rubuta wannan.

Ta ce ranar Asabar da hantsi tana da ajin masu jinya. In zo, in yi abin da kowa ya yi, har kwanciyar ƙarshe. In na tashi kafin ta ce a tashi, in wuce kawai, ba sai na yi sallama ba.

Na ce ai ta san labarina.

"Na san wanda kake bayarwa a shagon kofi," ta ce.

Kwana biyun da suka biyo baya ban je ko'ina ba. Na tuƙa tuwon tamba ya yi gudaji, na ci haka. Netra ta turo hoton labulen ɗakin, mai zanen tsuntsaye. Na ciro tsohuwar akwatin ƙarfe na buɗe, na zauna ina kallonta, ban sa ko tawul a ciki ba. Ina jin gajiya kamar na sauke lodin mota ni kaɗai, alhali ko tsinke ban ɗaga ba.

Tunda ta riga ta faɗa, bari ku ma ku ji. A barandar nan ban tashi nan take ba. Na farfaɗo tun ana jera mu. Ina jin kukan mata, ina jin ƙuda, ina jin warin rigar mutumin da ke gefena, amma ko ɗan yatsa ya ƙi motsi. Aka rufe mini fuska ina ji. Aka kama yatsun ƙafata ina ji. Ina ihu a ciki, ba abin da ke fita. Ban san abin da ya sake ni ba. Maganar kofi kuwa daga baya na ƙara ta, don labari ya yi daɗi. Tun ranar ko barci a zaune nake fara shi, sai ya sace ni sannan in gangara.

Asabar na hau benen. Mu takwas ne ko tara: wata mai ciki, wani direba da aka yi wa aikin baya, wasu tsofaffin mata biyu da suka san ni tun ina kokawa. Ɗayarsu ta dube ni sama da ƙasa ta ce wa ɗayar, yau kuma zaki ne ya zo asibiti. Na ce mata zakin ya zo duba marasa lafiya ne. Ba wanda ya yi dariya sai direban, shi ma ya dafe baya.

Ba zan ɓoye muku ba, yogar asibitin nan ta ba ni wuya. Ta sa ni na tsaya da ƙafa ɗaya a kan kujera, guntun katako a ƙarƙashin hannu, ta ce in buɗe yatsun ƙafa in daina yaudara da ƙugu. Ba tsalle, ba gudu, ba inda za ka ɓuya. Cinyata ta kama rawa a gaban matan nan. Amma da ta cusa naɗaɗɗen ƙyalle a bayan gwiwar ta ce in lanƙwasa, sai na ji ciwon ya matsa gefe, karon farko cikin watanni. Ban gaya mata ba. Ta gani.

Sai lokacin ya zo. Kowa ya miƙe rigingine. Tana bi ɗaya bayan ɗaya: tumtum a ƙarƙashin gwiwa, bargo a jiki, ƙyalle a kan ido, sannan ɗamara a haɗe ƙafafu don kada su baje. Ina jin ƙarar maɗaurin ɗamarar tana matsowa, daga mai ciki zuwa direba, daga direba zuwa tsohuwa. Bargo ya sauka a ƙirjina. Ƙyalle ya rufe idona. Na ji ƙudan barandar nan a kunnena. Na dafa ƙasa da gwiwar hannu zan tashi. Na ce a raina, Bangalor ma gari ne.

Ba ɗamara ce ta taɓa ni ba. Tafin hannu ne, mai ɗumi, mai kaushi, ya kama ƙafafuna biyu ya riƙe.

"Ba zare ba ne," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ni ce. Motsa yatsanka ka ji."

Na motsa. Ya motsu.

"To kwanta."

Da ta sunkuyo gyara ƙyallen idona, sai ƙamshi ya bugi hancina. Yasmin, sabo, ba busasshen bango ba. Na ce ko daga taga ne. Ta koma wajen ƙafafuna, ƙamshin ya bi ta.

Ban san lokacin da na tafi ba. Ni Ningappa, a rigingine, a lulluɓe, da rana tsaka, a gaban mata.

Takun takalmi a matakala ne ya dawo da ni. Ɗakin tsit, da alama an daɗe da sallamar aji. Hannun yana nan a ƙafata. Sai na ji muryar da na sani tun tana kukan nono, ta karye a tsakiya.

"Appa?"

Ashe sun fasa yamma sun taso da safe, suka tarar da gida a kulle, mai fure ya nuna musu benen. Ku auna abin da yaron ya gani: ubansa a miƙe, an rufe masa fuska, wata mata zaune a wajen ƙafafunsa.

Girijamma ta ce masa ya sassauta murya, barci nake, kuma da alama na daɗe ban yi irinsa ba. Na ji ya sauke numfashi, na ji ya jingina da ƙofa. Ni kuwa na lafe. Na ce bari in ji abin da za a ce a kaina, tunda an taɓa yi mini haka ban samu damar saurare da daɗi ba.

Dayanand ya yi mata godiya irin ta 'yan boko, ya ce mota na ƙasa, za su wuce da ni kafin hanya ta cushe. Ta ce ai ina da aji ranar Litinin. Ya ce a Bangalor ma akwai aji. Ta ce ba irin wannan ba. Sai ya ce, cikin ladabi amma da ƙashi a ciki, ta yi haƙuri, ita wace ce a wurina?

Sai na ji ta matse babban yatsana da ƙarfi, irin matsar da ke cewa na san idonka biyu, wannan aikinka ne.

"Appa," Dayanand ya ce, a gajiye, "ba ka taɓa barci ba minshari ba. Ka yi magana."

Na tashi a cikin gawawwaki, na tashi a ƙarƙashin ƙattin da suka ninka ni nauyi. Wannan karon ban tashi ba, don ba ta ce a tashi ba. Daga nan inda nake, ƙyalle a ido, na ce, "Ka ce da akwai mai kula da ni ba za ka matsa ba. To ka gaishe ta da kyau. Ita zan aura, in ta yarda."

Injin niƙan kofi na ƙasa ya zaɓi lokacin ya tsaya. Hannunta bai ɗaga daga ƙafata ba.

Sai na ji jakar Netra ta sulale ta faɗi ƙasa, na ji ta matso kusa da mijinta, tana raɗar da duk ɗakin ya ji.

"Ka ce mini mijinta ya rasu, in ji mai fure. To dubi kanta. Fure ne a gashinta."